Takardar Japan, Tawadar Holan

Dattijon ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin ɗab'i a wata maɗaba'a a Zariya kafin ya ajiye, kuma har gobe in aka miƙa masa katin ɗaurin aure, kafin ya duba sunan ango sai ya murza takardar tsakanin yatsu, ya ɗaga ta ya kalli haske ta cikinta, wani lokaci har ya sansana tawadar. Da wannan hali ya sauka a filin jirgin saman Schiphol cikin watan Nuwamba, ya zo ganin 'yarsa da ke karatu a Jami'ar Leiden. Sunan mahaifiyarsa ta ci, saboda haka Uwata yake ce mata. Ta riga ta tsara masa irin yawon da ake kai kowane baƙo, su jirgin ruwa a tsakiyar gari, su kasuwar furanni, su injinan niƙa masu juyawa da iska. Duk ya bi ta ya gani, ya yaba daidai gwargwado. Yawon bai kama shi ba sai rana ta biyu, da ruwan sama ya kora su cikin wani tsohon gida a titin Jodenbreestraat a Amstadam.

Gidan Rembrandt ne. Ya saye shi a 1639 a kan gilda 13,000, bashin ya yi ta bin sa har ya karye a 1656, bayan shekara biyu ya kwashe ya fita. Yau duniya ta fi saninsa da manyan zane na fenti, amma a zamaninsa abin da ya kai sunansa ƙasashe shi ne ƙananan zane na bugawa, wajen 300, waɗanda ɗan kasuwa zai iya sa wa a ƙasan akwati ya ƙetare teku da su. A ɗaya daga cikin ɗakunan akwai injin matsi na katako irin na wancan lokaci, kuma ana nuna wa baƙi yadda aikin yake. Ana shafe farantin jan ƙarfe da wani haɗi mai kaki, mai zane ya bi kan kakin da allura, duk inda allurar ta ratsa ƙarfen ya bayyana. A tsoma farantin a ruwan asid, ruwan ya ci inda aka buɗe masa. A wanke kakin, a cusa tawada cikin ƙananan ramukan, a goge saman da ƙyalle sannan da tafin hannu, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a murza ta tsakanin gungume biyu. Zanen ya fito a juye, dama ta koma hagu, kamar hatimi.

"Baba, ga irin aikinku nan," in ji ta.

"Kishiyarsa dai, Uwata. Mu tawadarmu a kan tudu take zama, tasu kuwa a cikin rami."

Nan ne ya fara jin abin da ya canja masa sauran kwanakin: wai daga wajajen 1647 Rembrandt ya riƙa buga mafi kyawun kwafe-kwafensa a kan takardar da aka kawo daga Japan. Dattijon ya sa aka maimaita masa shekarar. A lokacin tafiya daga Japan zuwa Holan sai an ci watanni masu yawa a teku, a biya ta Jawa, a kewaye ƙarshen Afirka ta kudu. Me ke cikin takarda har a ɗauko ta daga can?

Amsar tana a gidan tarihin Rijksmuseum, amma ba a jikin bango ba. Haske yana cin takarda, don haka yawancin zanen bugawa a cikin akwatuna suke kwance, sai wanda ya nemi izini a fito masa da su a ɗakin nazari. 'Yar ta nema, aka ba su rana. Aka ajiye masa kwafi biyu na zanen karkara guda, faranti ɗaya ya haife su. Ya maida hannuwansa baya ya harɗe, don ya san halinsu. Na farkon a takardar Turai yake, wadda da tsummokaran lilin ake yin ta, fara, mai ɗan kaushi, da layukan rariyar da aka tace ta. Na biyun a ta Japan, wadda ake yi da ɓawon itace, musamman wani tsiro da suke kira gampi; launinta tsakanin madara da zuma, fuskarta sumul kamar alharini. A kan farar takarda gonar ta fito kamar da hantsi, komai tsaf, komai a bushe. A kan ta Japan gonar nan dai ce, bukkar nan ce, itatuwan nan ne, amma sai ka rantse la'asar sakaliya ce. Baƙin tawadar ya yi zurfi da laushi, farin da aka bari na sararin sama ya ɗauki ɗumi. Bai ƙara ko layi ɗaya ba, takarda kawai ya sauya, ya sauya lokacin yini.

Hanyar da takardar ta biyo ƙunci gare ta. A 1639 mahukuntan Japan suka kori mutanen Fotugal saboda yaɗa addinin Kirista, suka bar 'yan Holan, waɗanda ciniki ne kawai a gabansu. A 1641 aka tattara su aka kai Dejima, wani ɗan tsibiri da aka cike teku aka yi a gaɓar Nagasaki, mai siffar maficin hannu. Gada ɗaya ce ta haɗa shi da gari, kuma da masu gadi a bakinta. Shekara fiye da 200 wannan ɗan fili shi ne kaɗai ƙofar da ke tsakanin Japan da Turai. Manyan kayan da kamfanin cinikin Holan na Gabas, wanda aka kafa a 1602, yake ɗauka daga can su ne azurfa da jan ƙarfe da tangaran da kafur. Takarda 'yar rakiya ce, amma littattafan lissafin kamfanin sun nuna an yi lodinta a 1643 da 1644. A 2015 gidan Rembrandt ya yi baje koli kan dangantakar zanensa da takardar Echizen, wani yanki na lardin Fukui inda har yanzu ake yin takarda da hannu. Mai karatu ya riƙe sunan Fukui, za a sake cin karo da shi.

Sai dai a faɗi gaskiya: a ƙarni na 17 takarda aka aro, ido na gida ne. Tun wajajen 1611 Claes Jansz Visscher ya buga jerin zane goma sha biyu na wuraren shaƙatawa a kewayen Haarlem, hanyoyin ƙauye, masauƙin matafiya, filayen shanyar lilin, ba tare da ya jingina su da wani labarin addini ko na sarauta ba. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, don haka masu zanenta suka saba kwantar da ita a gindin takarda, su bar wa sama kaso mafi tsoka. Rembrandt a wannan turba ya taso. Zanen karkararsa na bugawa ba su kai 30 ba, duk tsakanin 1640 da farkon shekarun 1650, yawanci abin da ya gani ne yana tattaki a bayan gari. Akwai wani dogo siriri na 1651 da ya hango filayen Haarlem daga kan tudun yashi, kuma gonar da ke tsakiyarsa ta Christoffel Thijs ce, mutumin da yake bin sa ragowar kuɗin gida. Dattijon ya yi dariya da jin haka, ya ce ko a Zariya ya san mai zanen allon shago da ya taɓa biyan haya da fenti.

Inda hannun Rembrandt ya bi na mutanen Asiya kai tsaye shi ne a wasu zane 23 da suka rage, waɗanda ya kwaikwayo daga ƙananan hotunan fadar Mughal ta Indiya, har da na sarki Shah Jahan mai Taj Mahal. Mutane ne a cikinsu, babu gari babu daji. Garuruwan Asiya kuwa ta wata ƙofa suka shigo maɗaba'un Amstadam. Johan Nieuhof ya raka tawagar kamfanin daga Kanton zuwa Bejin tsakanin 1655 da 1657 yana zana abin da ya gani, aka buga littafinsa a 1665 da hotuna kusan 150 na biranen Sin, ganuwa, hasumiyoyi, jiragen kogi. Masu sassaƙa farantan ba su taɓa taka Sin ba, suka ƙara gishiri son ransu, itatuwan dabino a inda babu su, cunkoson jama'a a inda Nieuhof ya bar fili. Turai ta yi fiye da ƙarni tana kallon Sin ta wannan tabarau.

Daga Amstadam zuwa Leiden tafiyar kamar minti 35 ce a jirgin ƙasa, ta cikin filaye kore shar da aka yanyanka da ramukan ruwa miƙaƙƙu kamar an ja su da rula. A bakin hanyar ruwa ta Rapenburg, gida mai lamba 19, nan Philipp Franz von Siebold ya zauna. Bajamushe ne, likita, ya isa Dejima a 1823 yana ɗan shekara 27 a ƙarƙashin tutar Holan. Yana duba marasa lafiya, yana koyar da ɗalibai aikin likita irin na Turai, su kuma suna kawo masa tsirrai, kifaye, littattafai, kayan aikin masu sana'a, hotuna. Kwaɗayin tarawa ya kai shi ga karɓar taswirorin ƙasar, abin da doka ta haramta. Asiri ya tonu a 1828, masanin fadar da ya ba shi, Takahashi Kageyasu, ya mutu a kurkuku, shi kuma aka kore shi a 1829. Ya dawo da dubban kaya, ya baje su a Leiden jama'a na zuwa kallo tun shekarun 1830, kuma su ne tushen gidan tarihin al'adun duniya na garin. Gidan nasa ya zama gidan tarihin Japan a 2005.

A cikin kayan Siebold akwai wasu hotuna shida na birnin Edo, wato Tokyo ta yau, da aka zana da salon Turai a kan takardar Holan. A 2016 masanin gidan tarihin al'adun duniyan, Matthi Forrer, ya bayyana cewa aikin Hokusai ne. Dattijon ya daɗe yana jujjuya wannan magana. Babban mai zanen Holan a kan takardar Japan, babban mai zanen Japan a kan takardar Holan, tsakaninsu shekara kusan 180, ba wanda ya san ɗan'uwansa.

Domin gadar Dejima ba fita kawai ake yi ta kanta ba. Jiragen Holan sun shigar da littattafai da hotunan biranen Turai, irin waɗanda ake leƙawa ta cikin akwati mai gilashi da madubi, tituna su miƙe su yi ta tsukewa har su ɓace a wuri guda. Wannan dabara ta nuna nisa da kusa baƙuwa ce ga masu zanen Edo, suka kama ta hannu bibbiyu. Utagawa Toyoharu ya kwaikwayi hoton babbar hanyar ruwan Benis ta Italiya, ya raɗa masa suna wai tashar jiragen ruwa ce a Holan, don a wurinsu duk abin da ya fito daga Turai na Holan ne, kamar yadda a wurinmu duk garin sabulu Omo ne. Shiba Kokan ya tono yadda ake cin jan ƙarfe da asid daga wani littafi na harshen Holan, ya fitar da zanen farko irin wannan a Japan a 1783, hoton gaɓar kogin Sumida. Kuniyoshi ya ɗauki wani titi na birnin Batabiya a Jawa daga wani littafin Nieuhof ya maida shi fagen harin dare na jaruman Japan. Hatta shuɗin nan mai kaifi da ya cika igiyar ruwan Hokusai da sararin Hiroshige, a Balin aka gano shi a farkon ƙarni na 18, 'yan kasuwar Holan da na Sin suka kai shi Nagasaki, ya yi araha a ƙarshen shekarun 1820, daidai lokacin da Hokusai zai fara jerin hotunansa na dutsen Fuji. Shuɗinsu na gargajiya na baba ne da na wani fure, dangin abin da marinan Ƙofar Mata suka sani, kuma bai da wannan kaifin a kan takarda.

Wato lokacin da hotunan Japan suka mamaye Turai bayan an buɗe ƙasar a shekarun 1850, wani ɓangare na abin da Turawa suka yi ta mamaki kayansu ne ya dawo, an sake masa ɗinki.

Abin da ya ba dattijon haushi kaɗan shi ne jinkirin 'yan Holan. Hotunan suna Leiden tun shekarun 1830, a ƙofar gidansu, amma masu zanen ƙasar ba su ɗaga kai ba, kayan nazarin al'adun baƙi aka ɗauke su. Sai da Faris ta yi shewa, shekara arba'in zuwa hamsin bayan haka, sannan aka farga. Ya ce abin bai ba shi mamaki ba, ya ga yadda ake raina saƙar gida har sai an gan ta a jikin baƙo.

Shahararren wanda ya farga shi ne Vincent van Gogh, kuma gidan tarihinsa a Amstadam sai da tikitin da aka saya tun da wuri. Ya fara manna hotunan Japan a bangon ɗakinsa a Antwerp a ƙarshen 1885. A Faris ya riƙa hawa benen ajiyar wani dillali, Siegfried Bing, yana tona, har ya sayi wajen 660, ya baje wasu a wani gidan shan gahawa a 1887 da fatan ciniki, cinikin bai yi armashi ba. Fiye da 500 suna nan a gidan tarihin. A shekarar ya kwaikwayi hotunan Hiroshige biyu da fentin mai: lambun itatuwa masu fure, da gadar da ruwan sama ya tarar da mutane a kanta. Ya kewaye su da rubutun Japan da ya kwaso daga wasu hotuna dabam don ado, ba tare da ya san me suke cewa ba. Tsohon ma'aikacin maɗaba'a, wanda ya sha cire kuɗi daga aljihu saboda harafi ɗaya da ya juye, ya girgiza kai kawai.

Duk da wannan suna, Van Gogh ba mai bugawa ba ne. Zanen bugawa goma kacal ya bari, tara na dutse, ɗaya na jan ƙarfe, kuma kusan dukansu kafin Japan ta shiga kansa. Inda ta fi fitowa shi ne a zanen gonaki da ya yi a Arles a 1888 da alƙalamin kara da ya fiƙe da kansa, ɗigo-ɗigo da gajerun layuka, alƙalamin da duk almajirin allo zai gane. Mai neman Japan a cikin bugun birane na Holan sai ya fita daga layin masu tikiti, ya nufi unguwar tsohuwar tashar jiragen ruwa.

Can suka nufa da yamma, ana yayyafi, har bakin ruwan Oudeschans inda hasumiyar Montelbaan take tsaye tun 1516. Rembrandt ya zana ta, gidansa ba nisa. Willem Witsen, wanda aka haifa a 1860 ya rasu a 1923, ya zana wannan unguwa har ba adadi. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu bugun jan ƙarfe ta Holan a 1885, ya zauna a Landan daga 1888 zuwa 1891, inda ya ga aikin James Whistler, Ba'amurken da tun da wuri ya sha hotunan Japan ya ƙoshi. Shi Whistler ya zo Amstadam a 1889, ya shiga ƙaramin jirgi ya bi lungunan ruwa na talakawa, yana zana bangon gidaje da shanyar wanki da inuwarsu a ruwa. Daga baya Witsen ma ya samu jirgi ya maida shi ɗakin aiki.

'Yar ta buɗo zanen Witsen a waya, suka riƙa ɗagawa suna gwadawa da abin da ke gabansu. A nan bambancin ya fito fili. Tsohon hoton birni na Holan daga nesa ake ɗaukarsa, daga ƙetaren ruwa: gari gaba ɗaya a jere, hasumiyoyin coci, dazuzzukan jiragen ruwa, tambarin gari a sama, kirari ne aka yi da layuka. Witsen kuwa sai ya matso ya yanki gari kamar yadda mahauci ke yankar tsoka. Sau da yawa babu sama, rufin gidajen ma an datse shi. Tagogi ne jere, baƙin bulo, jirgin dakon kaya rabinsa a waje, sannan ruwa ya cinye kashi mai yawa na takardar, shiru, babu kowa. Yana barbaɗa garin ƙaro a faranti kafin ya sa shi a asid, abin da ke ba da duhu mai laushi shimfiɗe, irin na damina ko na dusar ƙanƙara a kan jirage.

Wannan yankan shi ne gadon Hiroshige. A jerinsa na shahararrun wurare ɗari na Edo, wanda ya fito daga 1856 zuwa 1858, akwai hoton da aka hango titi ta tsakanin ƙafafun dawaki, akwai wanda kunkuru ke reto a igiya dutsen Fuji na can ƙarami a bayansa, akwai wanda gashin ƙwaurin mai tuƙa jirgi ne ya tare gaba. Babu Baturen da ya isa ya yanka hoto haka a da. Amma kada a ɗora wa Japan komai. Witsen mai ɗaukar hoto ne da kyamara, haka abokinsa George Breitner, wanda bayan baje kolin kayan Japan a Hague a 1892 ya yi jerin zanen yarinya cikin rigar kimono. Kyamara ma tana datse kai da ƙafa ba ta neman izini. Abu biyun lokaci guda suka iso, kuma mai cewa ya iya raba ruwansu a cikin farantin Witsen yana cika baki ne.

Asiya ba Japan kaɗai ba ce, balle ga ƙasar da ta mulki Indunusiya. W.O.J. Nieuwenkamp, mai bugun katako da jan ƙarfe, ya gina jirgin kwana a 1900 yana yawo da shi yana zana tsofaffin garuruwan Holan, sannan a 1904 ya sauka Bali da kekensa. Ya ƙaunaci yadda masu zanen tsibirin ke murɗa gajimare da ganye da ruwa su zama ado, kuma wannan murɗi yana nan a cikin layukansa. Da aka zo nan 'yar ta ja gefen ɗankwalinta ta nuna masa. Atamfar Holan da ake sa wa a lefe, wadda ake ciniki a Kantin Kwari, ita ma bugu ce, kuma kwaikwayon batik na Jawa ce. Masaƙun Haarlem da Helmond, inda kamfanin Vlisco ya faro a 1846, sun so su sayar wa mutanen Jawa batik na inji, kasuwar ba ta karɓa yadda suka so ba, Afirka ta Yamma ta karɓe. Dattijon ya ce ashe ya daɗe yana biyan kuɗin wannan tarihi bai sani ba, 'ya'ya mata huɗu ya aurar.

Zangon ƙarshe Hague ne, tafiyar da ba ta kai rubu'in awa ba daga Leiden. A titin Lange Voorhout, cikin tsohuwar fadar Sarauniya Emma, aka buɗe gidan tarihin M.C. Escher a 2002. Matasa sun cika shi saboda matakalan da ba sa ƙarewa da hannuwan da ke zana juna, kuma an fi danganta shi da adon bangon fadar Alhambra ta Musulmin Andalus, wadda ya ziyarta a 1922 da 1936. Amma kafin wannan duka, Escher mai zanen garuruwa ne. Ya yi shekaru yana yawo a ƙauyukan Italiya masu maƙale a duwatsu, yana hango su daga sama ko daga can ƙasa, kuma a 1939 ya yi jerin bugun katako na birnin Delft. Ya koyi sana'ar a Haarlem a hannun Samuel Jessurun de Mesquita, gwanin bugun katako wanda 'yan Nazi suka kashe a Auschwitz a 1944. Mahaifinsa kuma, George Arnold Escher, injiniyan ruwa ne da gwamnatin Japan ta ɗauka aiki daga 1873 zuwa 1878, kuma cikin ayyukansa akwai tsara katangar tashar jiragen ruwan Mikuni. A lardin Fukui take, lardin masu takarda.

Dattijon ya wuce matakalan ya tsaya a gaban wani bugun katako na 1952. Kududdufi ne a kan hanyar laka bayan ruwa ya ɗauke. Ga sawun tayar mota, ga na keke, ga na takalma masu zuwa da masu komawa, a cikin ɗan ruwan kuma ga itatuwa a kife da farin wata. Launi uku ne kawai. Babu sama a hoton sai wadda ta faɗo cikin ruwa. Ƙasar da masu zanenta suka yi shekara 300 suna ba sama fiye da rabin takarda, ga ɗanta ya sunkuyar da kai yana kallon laka. A ganin dattijon, duk cikin abin da ya gani a kwana shida, wannan ne ya fi kusa da ruhin hotunan Edo, ko da yake babu kimono a ciki, babu rubutun aro.

Sai kuma wani ɗan fim da ake nunawa, Escher da tsufansa yana bugawa. Babu injin matsi. Ya shafa tawada a katako, ya shimfiɗa takardar Japan, ya ɗauki ƙaramin cokalin ƙashi yana murza bayanta a hankali. Masu bugun Edo haka suke yi, sai dai su da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, a kan katakon ceri, da launin ruwa da kunun shinkafa, kowane launi da katakonsa, kuma aikin a rabe yake tsakanin mai zane da mai sassaƙa da mai bugu da mai sayarwa. Escher shi kaɗai yake yin duka. Takardar siririya ce amma ba ta yagewa, kuma ana ganin tawada na tasowa ta bayanta, mai bugu ya san inda zai ƙara nauyin hannu. Hotonsa na 1938 mai suna Dare da Rana, inda filayen Holan da aka hango daga sama suke rikiɗa su zama tsuntsaye farare da baƙaƙe a kan gari biyu da kogi biyu, ya buga shi fiye da sau 600.

"Da cokali, Uwata," in ji dattijon. "Mu da muke kuka in wuta ta ɗauke."

"To Baba, in saya maka cokalin ne ko takardar?"

Takardar ya zaɓa. Suka sami shagon kayan zane, ya sayi falle biyar, aka naɗe masa cikin kwali mai kama da gora, ya riƙe shi a hannu har cikin jirgi, bai yarda an sa shi cikin kaya ba.

Duk wanda Allah ya kai shi Amstadam yana son ganin waɗannan takardu da idonsa, ya nemi izinin ɗakin nazari na Rijksmuseum ta intanet tun yana gida, ya rubuta zanen da yake so a fito masa da su, ya roƙi kwafi biyu na faranti ɗaya, na takardar Turai da na takardar Japan. Ya tafi da fensir, don ba a shiga da biro.